Awannin da Na Cinye wa Ƙanena

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Iliyasu a Riyad, kuma har yau abin da nake so a ce ban yi ba guda ɗaya ne: an ba ni biro, na ajiye shi.

Ni na kawo shi ƙasar nan. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Manfuha, ina tuƙi, yana walda a unguwar Gubaira. Wata rana da hantsi ya faɗi a wurin aiki. Ko da na isa asibiti, jikinsa ya yi sanyi, ba ya gane kowa. Likita ya ce zuciyar ta gaza tura jini, suna so su zura ɗan ƙaramin famfo ta jijiyar cinya har cikinta, ya karɓe mata aiki ta huta. Ya miƙo min takarda.

Ni kuwa duk baƙon da ya sauka ɗakinmu, abin da nake fara koya masa shi ne kada ya sa hannu a takardar Larabci sai wani namu ya karanta masa. Iliyasu har tsokanata yake yi: "Yaya, kai ko ruwan sha aka ba ka, sai ka ce a jira Malam Hamza."

Haka kuwa na ce. Malam Hamza shi ke karanta mana takardu, ranar kuma yana can wajen gari. Likitan ya ce, "Ya Hajji, babu lokaci." Na ce tukuna. Sai bayan la'asar Malam Hamza ya iso, na sa hannu. An sa famfon, amma ƙoda ta riga ta tsaya. Kwana biyu Iliyasu ya ƙara a duniya.

Na san ajali ne. Ban ce da na sa hannu da ya rayu ba, likitan ma bai ce ba. Amma awannin nan ni na cinye su.

Bara aka sa wa maƙwabcinmu, wani ɗan Maradi, irin famfon nan. Yanzu yana hawa bene da ƙafarsa. Da Iliyasu yana nan, da ya matsa masa da tambaya: da wane ƙarfe aka yi shi, yaya aka haɗa? Gadon da nake kwana a kai shi ya ƙera, ko ƙara ba ya yi. 'Yarsa Hafsatu ta yi aure a gida, ni na ba da ita, ban iya ɗaga ido na kalle ta ba.

Allah Ya jiƙanka, Ilu. Ku kuma 'yan'uwa, in likita ya ce babu lokaci, ku nemi mai fassara nan take, ko ta waya ce. Kada ku ce tukuna.