Ɗorawar Inna Dela

Duk wanda ya taɓa kai aikin awon gona ofishin safiyo na Malam Shafi'i a Kazaure ya san Ɗayyabu, ya kuma san halinsa na ɓata wa mutane lokaci. Shi ne mai zane. Masu awo su fita da na'ura su ɗauko lambobin kusurwoyin fili, shi kuma ya zauna gaban kwamfuta ya zuba su a manhaja, ya ja layi daga wannan ɗigo zuwa wancan har iyaka ta haɗe, sannan a buga taswirar a haɗa ta da takardar ciniki. Aiki ne da wani zai gama kafin shayinsa ya huce. Amma Ɗayyabu fa? Sai ya ture linzamin kwamfutar gefe, ya dubi mai gona ya ce, "Itatuwa nawa ne a ciki? Kuma na waye?"

An sha yi masa tsaki a kan wannan tambaya. Wani dillali daga Gwiwa ma ya taɓa ce masa, "Malam, wai gona muka kawo maka ko gandun daji?" Ko a jikinsa. Masu tsakin ba su san inda ya samo ta ba, da sun sani da sun rufe bakinsu.

Ɗayyabu ɗan wani ƙauye ne a bayan Roni, shi ne autan Inna Dela mai daddawa. Ya tashi cikin hayaƙin dahuwar kalwa, har 'yan ajinsu na firamare kan toshe hanci idan ya shigo, don tsiya kawai. Kalwar nan kuwa daga itace ɗaya take fitowa, wata ƙatuwar ɗorawa da ke tsakiyar gonar Kawu Daudu, yayan Inna. Lokacin da mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gado, Dela ta ce ita ba za ta iya noma ba, a bar wa Daudu gonar, a ba ta ɗorawar. Aka yi haka a gaban mai unguwa da liman. Ƙasa ta Daudu, itace na Dela. Ba wanda ya rubuta, don kuwa me za a rubuta? Ko yaron goye a ƙauyen ya san ɗorawar Dela ce. Da bazara ta yi sai ta ɗauki maƙata ta zazzago 'ya'yan, ta sayar da garin, ta dafa kalwar, ɓawon ma ta jiƙa makuba a shafe ɗaki. Da wannan ɗorawa aka yi wa Ɗayyabu takalmin makaranta, da ita ya kai har babbar makaranta a Kazaure ya koyo zanen taswira.

To, watansa biyu da fara aiki sai Kawu Daudu ya ce ƙarfinsa ya ƙare, zai sayar da gonar ya koma Kano wajen ɗansa. Mai saye wani ɗan kasuwar hatsi ne daga Babura, Alhaji Maikasuwa, mutumin da ba ya ciniki sai da takarda da taswira. Kawu ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ga ɗansu a ofishin safiyo. Wayyo, Ɗayyabu! Kansa ya kumbura kamar an hura. Shi da kansa ya bi masu awo, shi ya riƙe sandar a kusurwa huɗu, a inuwar ɗorawar ma suka sha fura. Ya koma ofis ya ja layukansa tsaf, iyaka ta haɗe ba ko ɗan gibi, har Malam Shafi'i ya dafa kafaɗarsa. A takardar ciniki aka rubuta cewa an sayar da filin da duk abin da ke cikin wannan iyaka. A ƙasan taswira kuma, inda ake sa wanda ya zana, ga sunansa nan ɓaro-ɓaro. Ɗorawa ko ɗigo ba ta samu ba. Ba mugunta ba ce, wallahi. Abin da ka tashi ka gani kullum shi ne ba ka gani.

Bazara ta zo, Inna Dela ta ɗauki maƙatarta ta nufi gona. Sai mai gadin da Alhaji ya ajiye ya tare ta, ya ce an hana kowa taɓa komai. Ta ce masa ɗorawarta ce. Ya ce shi takarda ya sani, takardar ma ai ɗanta ne ya zana. Ta juyo gida.

Labari ya iske Ɗayyabu a ofis. Ya buɗe zanen a kwamfuta ya zuba masa ido, layuka huɗu masu kyau, tsakiya fari fat. Washegari ya hau acaɓa sai Babura. Alhaji Maikasuwa ya saurare shi a bakin rumbun hatsinsa, kuma a faɗi gaskiya, mutumin kirki ne. Ya ce, "Haba, ɗan wannan? Tsohuwa ta je ta yi ta ɗiba. Na ba ta, sadaka, Allah ya kai ladan kabarin iyayena."

Ɗayyabu ya taho yana murna kamar ya ciwo kofi. Ya sami Inna tana tsince wake a tsakar gida, ya durƙusa ya ce, "Inna, an gama. Alhaji ya ce ya ba ki."

Ta ɗago kai. "Ya ba ni me?"

"Ɗorawar. Ya ce sadaka ce."

"Auta," in ji ta, "ni ka tafi Babura ka roƙo wa sadaka? Da gadon ubana?" Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Ka ce masa na gode. In tasa ce ya ci abarsa, ba na so. In kuwa tawa ce, to ba ya da abin da zai ba ni."

Ya lallashe ta, yayyensa suka lallashe ta, liman ma ya sa baki. Ina! Wannan tsohuwa in ta kafe ko jaki albarka. Shekarar nan ba ta dafa kalwa ba. Tukwanen suka kife a bayan ɗaki, mata suna zuwa da kwano suna komawa haka nan. Abin da ya fi ci wa Ɗayyabu rai shi ne ba ta taɓa yi masa gori ba. In ya zo ranar Juma'a ta zuba masa tuwo, ya kai loma ya ji miyar da daddawar kasuwa aka yi ta, sai ya tsame hannunsa.

Ya sami Malam Shafi'i ya ce yana so a gyara takarda. Malam Shafi'i ya ce, "Ɗayyabu, ba a yanka wa itace fili. Me za ka zana, puloti mai taku uku a tsakiyar gonar mutum?" Ɗayyabu ya ce ba fili yake nema ba. Ya ari na'ura ya je ya tsaya a gindin ɗorawar ya ɗauki lambarta, ya dawo ya sa mata ɗigo a cikin zanen, ya zagaye shi, ya ja 'yar kibiya zuwa gefe ya rubuta cewa wannan itace da 'ya'yansa da hanyar zuwa gare shi na Dela ne, ba sa cikin ciniki. Zanen minti biyar ya ɗauke shi. Sa hannun ne ya ci wata bakwai.

Kawu Daudu ya dangwala yatsa a Kano yana ta salati, ya ce shi ma sam bai kawo a ransa ba. Mai unguwa ya sa hannu. Alhaji Maikasuwa kuwa ransa ya ɓaci. Ya ce ya yi alheri an watsa masa ƙasa a ido, kuma shi ba ya taɓa takardar da aka riga aka rufe. Sau huɗu Ɗayyabu yana zuwa Babura. A na huɗun ya cire hula ya ce, "Alhaji, ba kai ka ƙwace mata ba. Ni na ƙwace, da hannuna, kuma da kuɗin itacen nan aka koya mini yadda zan yi."

 Alhaji ya ce shi ma abin ya dame shi. Ya je gonar ya tarar da 'ya'yan ɗorawa sun zube awaki suna ci, ya ce wa 'yan ƙodagonsa su tara masa, kowa ya noƙe, wai ta Dela ce. "Gari guda sun san abin da takardata ba ta sani ba," in ji shi. Ya ce a miƙo masa biro.

Ɗayyabu ya kai wa Inna sabuwar taswirar, ya ɗora yatsa a kan ɗigon. Ta matso da ita kusa da ido.

"Wannan ɗan ƙwayar geron?"

"Ita ce, Inna."

"Itacen da mutum uku ba sa rungumewa? Lallai boko ya iya raini." Ta yi dariya, ta sa ya karanta mata rubutun gefen har sau biyu, sannan ta naɗe takardar ta sa a ƙasan kwalla.

Yau shekara tara ke nan. Ɗayyabu ya yi aure, ya zana gonaki da filaye da shi kansa bai san adadinsu ba, daga Roni har bakin iyakar Nijar, kuma a cikinsu akwai kuka da tsamiya da giginya masu ɗan ɗigo da sunan wata tsohuwa a gefe. Inna ba ta iya ɗaga maƙata yanzu, jikokinta mata ke zazzago mata.

Amma ita bazarar farko bayan gyaran takarda, da kanta ta je. Da daddawa ta nuna, ta zaɓi mafi kyau ta cika ƙwarya, ta rufe da faifai, ta miƙa wa Ɗayyabu ta ce ya kai Babura.

"In ce masa me, Inna?"

"Ka ce in ji mai ɗorawa. Inuwarta tana hana geronsa tashi, ga nasa rabon. Haka nake ba Daudu duk shekara."