Zauren da Muka Gina a Cikin Kati

A shekarar da garuruwan arewacin jiharmu suka faɗa hannun 'yan bindiga, ina aiki a wani ɗan ofis a Jimeta, saman shagon mai sayar da taya. Mu ne muka ja wa ɗakin shan magani na sansanin Malkohi intanet. Layin siriri ne ƙwarai. Ma'aikatan jinya na aika bayanan marasa lafiya ta kansa, ga kuma kwamfuta guda da aka ajiye wa 'yan gudun hijira su nemi danginsu. Sai aka ce mu rubuta manhajar da za ta zauna a kan katin sadarwa na cikin na'urar da ke riƙe da layin, ta riƙa tacewa don kada tarkace ya cinye shi. Duk abin da ke yawo a intanet ƙunshi-ƙunshi yake tafiya, kowanne da alamar inda ya fito. Katin ne ke fara tarbarsa, ya duba dokokin da aka ba shi, ko ya bar shi ya wuce ko ya jefar.

Shugabar aikin mace ce, Kirista daga kudancin jihar, ta girme ni nesa ba kusa ba. Adda nake ce mata, yadda muke kiran babbar ya a gidanmu na cikin Yola. Mijinta malamin makaranta ne a wani gari can arewa. Tun ranar da garin ya watse ba ta sake jin muryarsa ba. Wasu sun ce sun gan shi cikin masu hawa duwatsu zuwa Kamaru. Kowa a ofis ya san abin da take jira, ba wanda ke ɗaga maganar.

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, ita kuwa ba ta yarda a rubuta umarni ko ɗaya ba tare da bayaninsa ba: me yake karɓa, me yake mayarwa, me ke samun abin da ya ƙi. Takan ce wanda zai gaji aikin bai san mu ba, kuma ba lalle ya same mu da rai ya tambaye mu ba. A lokacin wannan ba zolaya ba ce. Ni dai haushi nake ji. Gari na ci da wuta, mu muna gyaran jimla.

Rigimarmu babba ta taso a kan ƙunshin da babu dokar da ta san shi. A wajen masu wannan sana'a amsar a fili take: abin da ba ka sani ba, jefar da shi. Haka na rubuta, layi ɗaya tal. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Ƙanena, wannan da ka jefar, wa zai san ya zo?"

Na ce, "Ba kowa, Adda. Amfanin abin ke nan."

"A gidanku na Yola, in baƙo ya yi sallama ba ku san shi ba, kora kuke yi?"

Na ce mata a'a. A zaure ake shimfiɗa masa tabarma, a kai masa ruwa, sai ya sha ya huta kafin maigida ya fito ya tambaye shi daga ina. Kakana ko sunan baƙo ba ya yarda a tambaya kafin ruwa.

"To ku ne masu cewa baƙonka annabinka," in ji ta. "Yi masa zaure."

Na yi ta gunaguni, amma na yi. Muka ƙara wa katin amsa ta uku: ya tura baƙon ƙunshi gefe, manhaja ta riƙe alamar inda ya fito da ƙofar da ya ƙwanƙwasa, har mutum ya zo ya duba. Ta kuma tsara abin yadda ba wanda zai iya kunna matatar sai ya faɗa da kansa abin da za a yi wa baƙo. Ita ta rubuta bayanin wurin, a taƙaice: zaure ba ya share kansa, wanda zai share shi ya fara dubawa.

Ba a daɗe ba zauren ya soma cika. Ƙunshi iri ɗaya ne, daga tsallaken iyaka, ɓangaren Kamaru, kullum a ƙofa ɗaya. Da muka bincika, ashe wata manhajar saƙon murya ce da mutanen can ke amfani da ita, mu ba mu taɓa jin ta ba. Adda ta rubuta dokar da za ta buɗe mata. Tana gamawa ta ce mu je sansanin mu gani.

Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Malkohi da hantsi. Saƙonni suka yi ta shigowa. Wata tsohuwa ta ji muryar ɗanta, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Adda ta tsaya a bayan layi har aka saurari na ƙarshe. Babu nata. A hanyar dawowa tausayinta ya cika ni har na rasa inda zan sa idona.

Yanzu ni ke riƙe da aikin. Sababbin ma'aikata na karanta bayaninta su gane ba tare da sun tambaye ni ba, sai dai kowannensu yakan so a cire zauren, wai yana cin wuri. Nan ne suke ganin fushina.

Ita ta yi ritaya, tana unguwar Yolde Pate tana noman alayyafo a bayan gida. Cocinsu ya daɗe da yi wa mijinta addu'ar rasuwa, ta je ta zauna a gaba, ba ta yi gardama da kowa ba. Nakan kai mata ziyara. Sai ta kawo mini ruwa na sha, mun gaisa, mun tambayi yara, sannan ta ce, "Akwai wani a zaure?"

Ban taɓa yi mata ƙarya ba. Nakan ce akwai baƙi, amma babu nata.

Sai ta ɗauki kofin ta ce, "To. Kar ka share."