Godiyar Kawu Bukar

Tun ranar sadakar uku nake jin ana cewa Kawu Bukar bai taɓa karɓar kyauta ba duk shekarun da ya wakilce mu a majalisa a Kaduna. A gafarce ni, amma wannan ba daidai ba ne. Ya karɓa, da hannu biyu ma, domin a ganinsa mayar wa mutum kyauta rashin tarbiyya ne. Abin da ba ya yi shi ne godiya a ɓoye. Kun tuna Garba Sanƙira, Bakanon nan mai muryar ƙaho? Shi Kawu ke aikawa tsakiyar Kasuwar Kwastam ya faɗi sunan mai kyautar, da abin da ya bayar, da abin da yake nema.

Wani dillalin fata mai suna Ba Kyari, shi ya fara ɗanɗanawa. Ya aiko da rago don Kawu ya sa baki a rage harajin fata. Mahaifiyata, ƙanwar Kawu, ta ce ragon fari ne, Garba ya rantse baƙi ne. Na kasa tantancewa. Washegari da hantsi sai kasuwa ta ji: "Jama'a! Wakili yana godiya ga Ba Kyari! Rago guda, domin a rage harajin fata!"

Ba Kyari ya iso gidan yana gumi. "Haba Wakili, ai tsakaninmu ne!"

"Alheri irin wannan a ɓoye shi? Allah ya kiyaye."

"To a ba ni ragona."

"Subhanallahi! So kake a ce na mayar maka da kyauta?"

Ba a rage haraji ba, ba a kuma yanka ragon ba. Kawu ya raɗa masa suna Harajin Fata, a ƙofar gida ya tsufa.

Gaskiya ta tilasta mini in ambaci kaina. Da na dawo daga jami'a na kai masa hula. Ina so a lura cewa ban nemi komai ba, cewa kawai na yi har yanzu ina zaune. Kwana ɗaya tak, ina tsaye gaban mai tumatir na ji: "Ɗan ƙanwarsa, Mai Digiri! Hula guda, domin aikin gwamnati!" Wayyo! Na koma da ƙorafi, Kawu ya gyara zaman hular a kansa ya ce, "Ta yi mini daidai, Mai Digiri. Ko in sa a ƙara wannan a shelar?"

Babbar ita ce ta mota. Lokacin da ake maganar kawo jirgin ƙasa Maiduguri, wasu masu manyan motoci, da ke tsoron cinikinsu zai mutu, suka ajiye masa sabuwar mota a ƙofar gida don ya soki batun a majalisa. Dattawan jam'iyyarsa suka zo da gargaɗi: "Bukar, mutanen nan ne ke kwaso mana masu zaɓe. In ka aika Garba, kujerarka ta tafi."

Kawu ya ce, "Kun yi gaskiya. Mota ce fa. Garba kaɗai bai isa ba."

Ya ƙara da makaɗan kalangu. Da yake shi bai iya tuƙi ba, kuma babu direban da ya yarda ya taɓa ta, turawa aka yi har kasuwa, Garba na tsaye a kai yana shela. Kawu ya je Kaduna ya goyi bayan jirgi. Motar kuwa, a inuwarta Harajin Fata ya riƙa kwanciya.

Ranar zaɓe babu motar da ta ɗauko mutanensa daga ƙauyen Dusuman. Ya faɗi. Da safe ya aika Garba: "Tsohon wakili yana godiya ga masu motoci! Sun ba shi hutu!"

Ranar jana'izarsa, bayan mun dawo daga maƙabarta, Garba ya nufi kasuwa da sandarsa, ba wanda ya aike shi. Wannan da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba. "Jama'a! Maiduguri tana godiya ga Bukar! Ya bayar da kujerarsa. Abin da yake nema..." Can ya ƙarasa a hankali: "Addu'arku."

Allah ya jiƙanka Kawu, ya haskaka makwancinka, ya karɓi aikinka a bainar jama'a kamar yadda ka saba godiya. Amin.