Mai Kibiya da Asibitin Dabbobi

A saman wani shagon gyaran waya akwai ofis mai ɗaki biyu da fanka mai kuka. Nan Mai Kibiya yake aiki. Sana'arsa zane, amma ba fuska yake zanawa ba, akwatuna ne da kibiyoyi. Idan wani yana son manhajar da za ta riƙe masa bayanan aikinsa, Mai Kibiya zai zaunar da shi ya yi ta tambaya: su wa ke zuwa wurinka, wa ke da wa, me ke ƙarƙashin me. Kowane abu ya ba shi akwati, kowace dangantaka ya ja mata kibiya. In ya gama sai ya danna maɓalli ɗaya, kwamfuta ta karanta zanen, ta gina rumbun bayanan da kanta, ta rubuta duk umarnin da zai tafiyar da shi.

A da taswirar gidaje yake zanawa, har ya gaji da magina masu sa taga inda ya ce ƙofa. Kwamfuta, in ji shi, ita ce maginin farko da ya bi zanensa ba gardama. Matarsa ta ce ranar da yaransu suka yi faɗa a kan keke, bai raba su ba sai da ya nemo biro ya zana wa kowa akwatinsa.

A ɗaki na biyu ƙanwar matarsa take zama. Ita ke duba abin da kwamfuta ta rubuta, ta yi faci inda ya ɓaci, shi ya sa ake ce mata Mai Faci.

Aikin da ya fi kowane girma a ofishin na wani likitan dabbobi ne. Akwati biyu kawai ake buƙata a tsakiyar zanen, Mutum da Dabba, da kibiya mai nuna wa ya mallaki wa. Mai Kibiya ya ja ta daga akwatin da bai kamata ba. Kwamfuta kuwa, da yake ba ta gardama, ta ba kowace dabba mutuminta, ta kuma ɗora ranar rigakafi a kan mutanen.

Saƙon farko ya shiga wayar wani tsoho ɗan fansho: "Zuwa ga kyanwa. Mutuminki ya isa allura. A zo da shi ɗaure, kada ya ciji kowa." Tsohon ya zo asibitin da kyanwar a hammata, ya zauna, ya naɗe hannun riga.

Mai Faci ta gano matsalar tun ranar. Amma gaya wa mijin yayarta cewa zanensa ya karkace ya fi cire wa kare ƙashi a baki wuya. Sai ta shiga cikin abin da kwamfuta ta rubuta, ta gyara da hannu bayan azahar, ta yi shiru. Abin da ta manta shi ne ɗabi'ar Mai Kibiya: kullum da safe, kafin ya cire hula, sai ya danna maɓallin nan, wai don manhaja ta tashi da sabon jini. Kowace dannawa tana share facinta ta dawo da na zane.

Haka aka yi ta yi. Likita ya bugo waya yana huci.

"Malam, da safe akuya ke da mutum, da yamma mutum ke da akuya. Yau wata mata ta zo tana tambaya ko ita za a auna ko zomonta. Zuwa ƙarshen mako in ba ku daidaita ba, zan kai aikin wani wuri."

Kowa a ofishin ya san in aikin ya tafi, ofishin ya rufe, Mai Kibiya ya koma hannun magina. Ya zargi wutar lantarki. Ya zargi mai gyaran waya na ƙasa da jefo musu cuta ta cikin bango. Bai ko kalli zanen ba.

Washegari ya iso ya tarar da Mai Faci zaune a kujerarsa, ta zare wayar allon dannawa ta rungume shi a ƙirji.

"Auta, tashi, manya za su yi aiki."

"Yaya, yau ba ka danna komai sai ka karanta mini wannan kibiyar da bakinka."

Ya gyara tabarau, ya sa yatsa a kan gilashin. "Dabba… tana da… mutum." Ya sake bin kibiyar da yatsa. "Wa ya juya ta?"

"Aljanun ofis. Hannunsu sak naka."

"Kuma kin gani kika ƙi faɗa?"

"Na faɗa wa kwamfuta. Ta fi ka saurare."

Ya juya kibiyar, ya danna, suka ɗauki kwamfutar zuwa asibiti. Likita ya duba karnuka, ya duba awaki, kowa ya koma hannun mai shi. Ya ce aikin yana nan a wurinsu.

Sai tsohon nan ya miƙe daga benci, kyanwar na kafaɗarsa.

"Likita, nawa kada a taɓa. Tun da na bar aiki ba wanda ya tuna mini da komai sai ita. Kuma gaskiya aka rubuta. Ita ke kwana a gado, ni a kujera."

Wasu masu kyanwa su biyu da ke layi suka ce su ma haka. Likita ya yanke hukunci a tsaye: sauran dabbobi a bar su yadda aka gyara, kyanwa kuwa a mayar mata da mutanenta. Mai Kibiya ya zauna a bencin, tsakanin rago da kejin aku, ya ƙara akwati na uku a zanen, na kyanwa.

Watan jiya an sanar da kyanwar cewa faratan mutuminta sun isa yanka. Ya zo a kan lokaci. Likita ya yanke masa.