Jan Fentin da Baba Ya Ɗiga a Maleji

Wata Talata ce da hantsi, a daminar da nake aji biyar a lakwal, makarantar boko, Baba ya kira ni daga bayan gida inda nake yi wa awaki yankan ciyawa, ya ɗaura mini agogonsa a hannu. Yana da tsohuwar bashe, mota mai buɗaɗɗen baya, wadda ta girme ni, da ita yake kwasar ƴan kasuwa daga Dogarawa zuwa Konni. Satin nan ya sa mata manyan tayoyi saboda yashin hanyar ƙauyuka, makanike kuwa ya gaya masa allurar maleji ta daina faɗin gaskiya, sai an auna an gyara. Baba mutum ne da bai taɓa wuce gudun sittin a mota ba, kuma bai taɓa maimaita magana ba. "Kai ne ɗan lakwal," in ji shi. "Yau za mu ga abin da kake ci can."

Muka hau kwalta. Ya tsayar da allura kan sittin, ni kuma na ƙirga daga dutsen kilomita zuwa na gaba. Daƙiƙa hamsin da biyu. Sau uku muka yi, haka take fitowa. Ya ce, "To, nawa muke gudu?" Wallahi ban sani ba. Na dubi hannunsa a kan sitiyari, hannun da na san nauyinsa, sai na ce hamsin da biyu. Ya yi tsaki, wai ashe jan ciki yake yi. Da muka koma gida ya tsoma tsinken tsintsiya cikin jan fenti ya ɗiga a gilashin maleji, daidai saba'in. Nan ne sabon sittin ɗinsa.

Washegari na tambayi mushe, malamin ajinmu, kamar lissafin littafi ne. Ya zana a allo: wanda ya cinye kilomita kafin minti ya cika, ya wuce sittin, ya kusa saba'in. Na juya lissafin ke nan. Ɗigon Baba, a gudun gaskiya, tamanin ne. Kwana tara na riƙe wannan a ciki. Ina ɗebo ruwa a rijiya, ina korar tsuntsaye a gona, yara na langa a ƙofar gida, ni kunnena na kan hanya. Kullum da safe ina kallon mata na hawa bayan motar da goyo da ƙwaryar nono, a ɗora buhunan wake, a ɗaure tumaki, in ji kamar ni nake loda su zuwa kushewa. Na daina cin tuwo. Inna ta ce shawara ce, ta jiƙa mini saiwa mai ɗaci, na shanye, don ya fi mini sauƙi da in buɗe baki gaban Baba.

Rana ta goma ina gidan gaba kusa da shi, ina kallon allura tana hawa jan ɗigo, amalanken jaki ya fito daga cikin gero. Baba ya taka birki a inda ya saba takawa. Motar ba ta tsaya ba. Jakin ya mutu nan take, mai amalanken ya karye a cinya, mata na salati a baya. A bakin hanyar na faɗi gaskiya. Bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Ya ce, "Rashin sani ba laifi ba ne. Shirun fa?" Da Litinin ta zo ya miƙa mini hauya, lakwal ta ƙare.

Yanzu ɗana yana duba waya ta gaya masa gudun babur ɗinsa, ba agogo ba dutse, in ya yi kuskure ya gaya mini yana dariya, ni kuma in rasa ko haushi zan ji ko hassada. Kalma uku ce ta gagare ni: Baba, na ɓata.