Kwana Uku a Bahar Maliya, Ni da Keken Hajiya

ALHAMIS: DAGA ƘUBA ZUWA JIDDA

Ƙarfe huɗu da minti arba'in na asuba motar haya ta tsaya a ƙofar gidanmu da ke unguwar Ƙuba, a Madina. Mu biyar ne. Akwai Abba, da yake aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti a nan, da Umma, da ƙanwata Zahra'u mai shekara goma sha biyar, da kakata Hajiya, mahaifiyar Abba, wadda ta zo mana ziyara daga Kano. Sai ni, Mahmud, da na cika shekara goma sha takwas wata biyu kafin tafiyar.

Abba ne ya yanko mana tikitin jirgin ruwan shaƙatawa, irin manyan nan masu kama da otal, da suke tashi daga Jidda su yi kwana uku a Bahar Maliya. Ni kuwa sati biyu na yi ina kallon bidiyon kulob ɗin matasa na jirgin: manyan allunan gem, kujeru masu laushi, gasa iri-iri. Na yi aski, na sayi baƙin tabarau.

Hajiya tana fama da ciwon gwiwa da na suga, in tafiya ta yi nisa sai a keke ake tura ta. Direbanmu, Malam Idrisu, Bahaushen Sudan ne. Yana naɗe keken ya ce, "To, a cikin jirgin wa zai riƙa tura Hajiya?"

"Mijina mana," in ji ta, tana nuna ni da carbi. Haka take kirana tun ina jariri, irin wasan kaka da jika. Na yi dariya, don a zatona wasan ne kawai.

Daga Madina zuwa Jidda kilomita ɗari huɗu ne da 'yan kai. Mun yi sallar asuba a wani masallacin gefen hanya. A shingen bincike ɗan sanda ya leƙo, ya duba iƙamarmu, wato katin izinin zamanmu, ya duba fasfon Hajiya, ya ce mu wuce. Ƙarfe bakwai da rabi muka tsaya karin kumallo: ful da burodin tamis mai zafi da shayi, duka riyal talatin. Hajiya ta ɗanɗana ful ta ce, "Wake ne aka dama, aka yi masa rowar manja." Amma ta share kwanon.

Goma da kwata muka isa tashar jiragen ruwa. Bayan dogon layi aka ba kowa katinsa, wanda shi ne mukullin ɗaki, shi ne kuma shaidar mutum a cikin jirgin. Ɗakunanmu a hawa na biyar suke, babu taga. Ni da Abba ɗaki ɗaya, matan ɗaki ɗaya.

Jirgin bai ma tashi ba na ja Zahra'u muka hau lif zuwa hawa na goma sha biyu, inda kulob ɗin yake. Ma'aikaciyar ƙofa, wata 'yar Filifin, ta ɗora katin Zahra'u a kan na'ura, fitila ta kawo kore. Ta ɗora nawa, ta kawo ja.

"Daga sha uku zuwa sha bakwai ne, yallaɓai," ta ce da Turanci.

Ranar aka fara ce mini yallaɓai a duniya, kuma ban ji daɗinsa ba. Na ce, "Wata biyu ne kacal."

"Ni na yarda da kai. Na'urar ce ba ta yarda ba."

Zahra'u ta riga ta shige. Ta leƙo ta ce, "Yaya, in ka ga Umma ka ce mata ina nan." Na gyara tabarau, na juya kamar dama rakiya na yi.

Da muka zauna cin abinci bayan magariba, jirgi ya fara tafiya, Abba ya ji labari ya ce, "Alhamdu lillahi, ta zo gidan sauƙi. Tunda ka girma, Hajiya tana hannunka." Ya miƙo mini 'yar jakarta mai maganin suga da dabino da ruwa. "Ƙarfe biyar na yamma take shan na biyu, kuma kada ta daɗe ba ta ci wani abu ba."

JUMA'A: A TSAKIYAR RUWA

Kullum da safe ana turo takardar shirye-shiryen ranar ta ƙarƙashin ƙofa. Na karanta ta daga sama har ƙasa ina neman abin da aka tanadar wa irina. Yara ƙanana suna da nasu wurin, su Zahra'u suna da nasu. Manya suna da lacca a kan halittun ruwa, da koyon naɗe tawul ya zama siffar agwagwa, da gasar kacici-kacici. Can ƙasa da ƙananan haruffa na ga: haɗuwar matasa 'yan sha takwas zuwa ashirin da biyar, ƙarfe huɗu, hawa na goma.

Kafin lokacin na shiga gasar ƙwallon tebur, na ajiye Hajiya a gefe tana kallo. Aka haɗa ni da wani dattijo ɗan Masar mai tumbi, sanye da silifas. Har na ji tausayinsa. Ya ci ni sha ɗaya da biyu, bai ma cire agogonsa ba. Hajiya ta tafa masa.

"Ke a wane ɓangare kike?" na tambaye ta.

"Ɓangaren mai ci. Kai ma ka tafa masa, ya koya maka ladabi."

Bayan la'asar Abba da Umma suka shiga ɗaki hutawa. Na tura Hajiya hawa na takwas, na samar mata wuri kusa da wata babbar taga, na karɓo mata shayi.

"Hajiya, minti goma kawai. Zan leƙa wani taro in dawo."

"Je ka. Amma kada ka auro mini kishiya a can."

A wurin taron mu biyar ne. Wani miji da mata 'yan ashirin da huɗu da suka zo hutun amarci, wata yarinya da ta zauna minti uku ta tashi, wani dogon saurayi baƙi cikin farar jallabiya, sai ni. Ma'aikacin da ke jagorantar taron ya ce kowa ya faɗi sunansa da dabbar da ya fi kama da ita. Na yi ƙasa da murya na ce da Hausa, "Wallahi da na sani da naɗe tawul na tafi."

Dogon nan ya fashe da dariya, ya ce da Larabci, "Ni ma haka." Sunansa Basil, daga unguwar Jurf a Madina, shekararsa sha tara. Ɗan ƙasa ne, amma kakannin kakanninsa daga Katsina suka zo. Yana jin Hausa sarai, sai dai da Larabci yake mayar da amsa. Ya ce ya gano wani lungu a hawa na goma sha ɗaya mai allon gem, babu na'urar da ke tambayar shekaru. Muka je. Ya ci ni, na ci shi, ya sake ci na. Da na duba agogo, biyar da minti arba'in.

Jakar Hajiya tana rataye a kafaɗata.

Ban jira lif ba, na bi matakala a guje. Ga tagar, ga kofin shayin, babu Hajiya, babu keke. Waya ba ta aiki a tsakiyar ruwa. Na zaga hawa na takwas sau biyu, na duba masallaci, na duba ɗakinsu, na tambayi ma'aikata uku. Hajiya ba ta jin Larabci, ba ta jin Turanci, katinta ma yana cikin jakar da ke jikina. Na san yadda take yi in sugarta ta sauka: gumi, rawar hannu, magana ta sarƙe. Da na zo wucewa ta gefen da ake hango ruwa, na tsaya na leƙa ƙasa.

Na ƙwanƙwasa wa Abba ƙofa. Ya dubi fuskata, ya dubi jakar.

"Ina Hajiya?"

"Abba, na bar ta a hawa na takwas."

"Tun yaushe?"

"Tun ƙarfe huɗu."

Bai yi faɗa ba. Ya zura takalmi, hagu a dama, ya wuce ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A teburin karɓar baƙi suka yi sanarwa ta lasifika, suka murɗe sunan Hajiya yadda ko ni ban gane shi ba. Umma tana ta salati. Minti ashirin muka yi a tsaye, sai ga wata mata cikin baƙar abaya ta zo ta ce da Larabci, ko tsohuwa 'yar Najeriya muke nema? Tana babban ɗakin cin abinci tare da mahaifiyarta.

Muka tarar da Hajiya da farantin shinkafa da kifi a gabanta, tana hira da wata tsohuwa da ake kira Hala Maryam, haifaffiyar Madina da ke magana da wata irin tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci. Ita ce ta ji Hajiya tana magana ita kaɗai a bakin taga, ta sa 'yarta ta turo keken. Abba ya durƙusa ya riƙe hannun mahaifiyarsa yana duba ta. Hajiya ta ce, "Lafiyata ƙalau. Ni na ce masa ya tafi." Ba ta kalle ni ba.

ASABAR: YANBU

Da hantsi jirgi ya tsaya a Yanbu. Wato mun yi tafiyar awa biyar a mota da kwana biyu a ruwa, don mu zo garin da muke zuwa daga gida cikin awa uku. Su Abba za su sauka yawo a tsohon gari. Abba ya ce Umma za ta zauna da Hajiya.

"A'a," in ji Hajiya. "A bar mini mijina."

"Hajiya, kin ga abin da ya yi jiya."

"Na gani. Shi ya sa."

Da suka tafi ta ce in tura ta can sama, inda ake ganin ruwa sosai. Na kai ta, na danne birkin keken. Ta zuba wa ruwan ido.

"Jiya fitsari ne ya matse ni," ta ce. "Kusan awa guda. Mutane suna wucewa, ina ɗaga hannu, su yi mini murmushi su wuce. Ban san yadda ake cewa banɗaki da yarensu ba. Saura kaɗan in ji kunya a gaban jama'a, da girmana. Ban gaya wa ubanka ba, kuma ba zan gaya masa ba. Kai nake gaya wa."

Na tsuguna a gabanta. Na ce, "Hajiya, ki yafe mini." Muryata ta fito kamar ta ɗan shekara shida.

"Na yafe. Tashi, kana tare mini teku."

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana 'yar shekara bakwai mahaifinta ya tafi aikin hajji ta ƙasa, ta Sudan. Saƙonsa na ƙarshe ya ce ya iso bakin ruwa yana jiran jirgi. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta zo Makka sau biyu, amma duk ta sama, ba ta taɓa ganin ruwan da idonta ba sai wannan karon. Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, ina amsawa da amin.

Da ta shafa ta ce, "To, ina takardar nan taku? Me ake yi yanzu?"

Naɗe tawul ake yi. Muka je. Nata ya fito agwagwa sak, nawa malamar da ke koyarwa ta juya shi sau biyu ta tambaye ni ko kunkuru ne. Da yamma muka shiga kacici-kacici mu huɗu, ni da Basil da Hajiya da Hala Maryam. Ina fassara tambayoyi zuwa Hausa, tsofaffin suna gardama a kan amsa, lokaci yana ƙarewa. Cikin rukuni tara mu ne na takwas. Zahra'u ta fito daga kulob ɗinsu ta same mu muna dariya, ta ce can ɗin ya ishe ta, kowa waya yake dannawa. Na ce mata rukuninmu ya cika.

LAHADI: KOMAWA GIDA

Takwas na safe muka sauka a Jidda. Ni na turo keken har bakin mota, ni na naɗe shi. Abba yana kallo, ya ce, "Ka ba ta na safe?" Na ce na ba ta tun bakwai, bayan ta ci ƙwai da burodi. Ya gyaɗa kai. Ita ce doguwar maganar da ya yi mini tun ranar Juma'a.

Malam Idrisu ya ɗauko mu tara da rabi. Muka yi azahar a hanya, uku saura kwata muka shigo Ƙuba. Muna shiga gida Hajiya ta karɓi wayar Umma ta kira Kano. Ina shigo da akwatuna ina jin ta tana gaya wa gwaggona cewa mijinta ya yar da ita a tsakiyar teku ya tafi neman budurwa, ya dawo da ƙaton gardi mai jallabiya. Kafin la'asar saƙo goma sha huɗu ya shigo mini daga 'yan uwa, kowa yana tambayar lafiyar amarya Basil.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Abba da Umma, da Hala Maryam da 'yarta da suka yi aikin da aka ba ni. Ku kuma na Kano, ga yadda abin ya faru daga bakina. Na san dai na Hajiya za ku ɗauka.