Ɗan fashin teku da rawanin liman

Yau ina gyaran akwati, sai ga baƙin ƙyallen da na yanka daga niƙabina lokacin muna zaune a Faisal, can Alƙahira, a 2013.

Makarantar su Sadiƙu, ɗana, ta ce kowane yaro ya zo da shigar wasa. Ya kafe shi sai ɗan fashin teku. Na rufe masa ido ɗaya da ƙyallen, na zana masa gemu da kwalli, muciyata ta zama takobi.

Malam, babansa, zai fita karatu ya gan shi. "A'uzubillahi! Na zo Masar neman ilimi, ki mayar min da ɗa ɓarawo?"

Sadiƙu ya fara hawaye. "Baba, kowa zai sa nasa ban da ni."

Sai Malam ya ce, "Khalas, shi ke nan, zo nan." Ya warware rawaninsa ya naɗa masa. To, shi naɗi ɗaya ya iya, na limamai. Malamarsu na ganin yaron ta ce, "Ahlan ya Sheikh!"

Rawanin ma yana cikin akwatin, mai naɗin ne babu. Allah ya jiƙan Malam.

Ku wane tsohon ƙyalle kuka kasa yarwa?